Madatsun Tiga da Challawa: Fa'idodi da Illolinsu ga Fadamun Nguru da Gashua

Ruwan da ke cika tafkin Nguru ba a Nguru yake sauka ba. Daminar arewacin Yobe gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, kuma abin da sama ke bayarwa a shekara yana tsakanin milimita 400 da 600 ne, wani zubin ma bai kai ba. Da a ce da wannan kaɗai aka dogara, da ƙasar Bade da ta Manga ba su wuce gero da wake da kiwon awaki ba. Abin da ya mayar da yankin ƙasar shinkafa da kifi shi ne ruwan da ke gangarowa daga nesa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Hadejia, kogin Jama'are kuma ya taso daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauchi ta Katagum. In suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, sai su rarrabu rassa-rassa su bazu cikin fadamu. Abin da ya saura ya sake haɗuwa dab da Gashua ya zama kogin Yobe, ya bi ta Geidam da iyakar Diffa har Tafkin Chadi.

Tun 1974 ragamar wannan ruwa ta bar hannun damina ita kaɗai. A shekarar aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Bako, sannan a 1992 aka gama ta Challawa kusa da Ƙaraye. Su biyun ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga kogin Hadejia. Ke nan masuncin da ke jefa birgi a tafkin Nguru, rabonsa na shekara yana rataye ne da shawarar da ake yankewa a Kano, a ofishin Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are da aka kafa a 1976. Shekara hamsin sun isa a zauna a ƙirga abin da aka samu da abin da aka rasa. Ƙirgar kuwa ba ta mutanen Yobe kaɗai ba ce. Tambayar da ƙasashen duniya ke ta taro a kanta, wato yadda za a ci moriyar ƙasa yau ba tare da an kashe ta ga 'yan baya ba, ga ta nan ƙiri-ƙiri tsakanin Tiga da Gashua.

Adalci shi ne a fara da alherin. Waɗanda suka gina Tiga ba cutar kowa suka nufa ba. Ana cikin aikin ne farin 1972 da 1973 ya afko, ya karkashe dabbobi, ya tarwatsa iyalai daga Sahel zuwa birane, kuma duk wanda ya ga wannan bala'i da idonsa ba zai zargi mai neman ajiye ruwa ba. Kafin madatsar, kogin Kano yashi ne zalla da rani. Yau matatun ruwa na Tamburawa da Challawa suna samun abin ja duk tsawon shekara, birnin da ke ɗauke da miliyoyin mutane yana sha. Ɗan Nguru da ya je Kantin Kwari saro kaya, ko ya kai mara lafiya asibiti a Kano, ko ya tura ɗansa karatu can, shi ma ya sha ruwan nan. Ba ribar Kanawa kaɗai ba ce.

Sai noman rani. Shirin ban-ruwa na kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000, ya sauya Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙauyukan da matasansu ke watsewa cirani da zarar an gama girbi sun zama wuraren da ake zuwa neman aiki. Tumatir da albasa da shinkafa da alkama da masara na fita daga nan zuwa kudu, Kura ta zama cibiyar casar shinkafa, dillalai da direbobi da masu saƙa kwando duk suna ci. A ƙasa kuma, kusa da Auyo, shirin kwarin Hadejia ya yi wa manoman Jigawa irin wannan. Wanda duk ya ce madatsun ba su amfana wa talaka komai ba, bai taka Kadawa a watan Fabrairu ba.

Har a can ƙasan kogin ma akwai waɗanda suka ci riba, kuma masu kare fadama sukan yi saurin tsallake wannan. Ruwan da ake saki da rani ya sa wasu rassan da a da suke ƙafewa suna gudana shekara ɗungurum. Da aka hana shigo da alkama a 1987, gwamnatoci suka raba ƙananan injinan ban-ruwa a farashi mai rangwame, daga baya shirin Fadama na Bankin Duniya ya yawaita su. Manoman bakin kogi suka shiga noman tattasai da attaruhu da albasa da alkama a watannin da kakanninsu ke zaune a gindin bishiya. Tafkin Nguru ya daina janyewa kamar da. Masunci na iya shiga kwale-kwale ko a watan Afrilu.

To, ina matsalar take?

Kafin a gane ta, sai an san yadda fadama take aiki tun asali, domin ba fili ne kawai mai jiƙa ba. Tsari ne na lokuta, kowane da mai shi. Da ruwan farko manomi yake shuka shinkafa a busasshiyar fadama, ta tsiro ta yi ƙarfi kafin kogi ya iso. A watan Agusta ruwa ya fara hawa, a Satumba ya kai ƙololuwa ya malale ko'ina, shinkafar tana tashi tare da shi. A cikin ciyawar da ruwan ya rufe ne tarwaɗa da karfasa da kurungu suke zuba ƙwai, 'ya'yansu su yi ƙiba. Da kaka ruwa ya soma janyewa, a girbe shinkafa, a bi bayan ruwan da wake da rogo da kabewa a kan danshin da ya bari, ba taki ba ban-ruwa. Kifi ya taru a gulabe da kududdufai, masunta su kama, mata su yi banda, a kai kasuwa. Bikin kamun kifi na Bade a Gogaram daga wannan zagaye ya samo asali. Sannan makiyaya su gangaro daga tudu, shanu su ci karan shinkafa da ɗanyar ciyawa, su bar kashinsu a gona. Daga ƙarshe bazara ta zo, rana ta gasa ƙasa har ta tsattsage, duk wata ciyawar ruwa ta mutu, hanyoyin kogi su kasance a buɗe suna jiran sabon ruwa. Fili ɗaya, mutum uku ko huɗu suna ci a jere, Babade da Bamange da Bahaushe da Bafillace. Ba a ma ƙirga kabar goruba da ake saƙa tabarma da ita ba, da bagaruwa, da itacen girki, da bado da ke tsare rai a shekarar yunwa. An ƙiyasta mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke rayuwa a kan wannan dausayi. Da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, gyaɗa da fatu da shanu da busasshen kifi ya tarar, domin yankin ya riga ya zama matattarar arziki tun kafin a zo da turbar ƙarfe.

Illa ta farko kowa ya hango ta: malalar ta ragu. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ruwa kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba, wasu shekarun ma da kyar ya kai rabin haka. Ba duka laifin ne na madatsa ba. Farin 1983 da 1984 ya yi tsanani, kuma daminar Sahel gaba ɗaya ta yi rauni a waɗannan shekaru. Amma madatsa ta ƙara wa fari ƙarfi, saboda a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ita ke fara cika cikinta kafin ta bar wani abu ya wuce. Inda malala ta daina kaiwa, shinkafa ta tafi, kifi ya tafi, ruwan da ke tsumawa ya cika rijiyoyi ya ja baya, manyan itatuwan da saiwarsu ke dogaro da shi suka bushe a tsaye.

Illa ta biyu ce ba a yi tsammani ba, kuma a ganina ita ce mafi girma. Ba ƙarancin ruwa ya kawo ta ba, zuwansa a lokacin da ba nasa ba ne. Don a wadatar da matatun Kano da gonakin Hadejia, dole a riƙa sakin ruwa da rani. Abin da ya wuce buƙatarsu, haɗe da wanda ke tsiyayowa daga gonakin ban-ruwa ɗauke da ragowar takin zamani, sai ya gangaro fadamun ƙasa a hankali, ba shi da ƙarfin da zai wanke hanya, ba ya kuma barin ƙasa ta bushe. Wannan ruwa mara zurfi da ba ya yankewa shi ne abin da kacalla take so. Ciyawar tana nan tun da, amma bazara ce ke tsare ta a 'yan wurare. Da aka raba fadama da bazararta, sai kacalla ta samu sarari. Takan fi mutum tsawo, saiwarta na sarƙewa a ƙarƙashin laka, irinta kuma iska ke kwasa. Ka sare ta yau, in ba a ƙarƙashin ruwa ka datse ta ba, bayan 'yan makonni ta dawo. Ka sa mata wuta, saiwar na nan da ranta.

Ɓarnarta ba ta tsaya ga cinye gona ba. Inda ta yi kauri ruwa yakan rage gudu, yashi da laka su kwanta, hanya ta cike. A haka tsohon kogin Hadejia da reshen Burum Gana, waɗanda ke kai ruwa wajen Gashua, suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata ta reshen Marma zuwa tafkin Nguru. Ruwan da ya shiga can kuwa bai cika komawa kogin Yobe ba, sai dai rana ta shanye ko ƙasa ta haɗiye. Sakamakon abin tausayi ne ta ɓangarori biyu. A gefen Marma, daga Kirikasamma da Guri a Jigawa har ƙauyukan Nguru, gonaki sun nutse shekara da shekaru, ruwa na shiga gidaje, yana cin hanya. A gefen rassan da suka toshe, mutane na kallon tsohuwar hanyar kogi ba ɗigo. Garin da ke kukan ruwa ya yi yawa da wanda ke kukan babu, tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninsu, kuma sanadin kukan nasu ɗaya ne.

Daga kacalla sauran masifun ke fitowa. A cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana yana hayayyafa, ya taso dubbai ya sauka a gonar shinkafa ko gero ya share ta cikin yini. Iyaye na cire yara daga makaranta su je kora da gwangwani da majajjawa tun asuba. In gwamnati ta turo jirgin feshi, maganin ba ya bambance jan-baki da sauran tsuntsaye, kuma a kan ruwan da ake sha ake su yake zuba. Ruwan da ba ya motsi gidan sauro ne, gidan kuma ƙananan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Masunci ba ya iya ratsa duhun ciyawar da kwale-kwale ko ya shimfiɗa kalli, sai aka koma datse 'yar hanyar da ta rage da dumba, ana jera tarkuna daga gaɓa zuwa gaɓa, babba da ƙaramin kifi ba mai tsira. Na sama ya kame, na ƙasa ya tashi a tutar babu, rigima ta tashi tsakanin ƙauyuka.

Akwai kuma makiyayi, wanda aka fi mantawa da shi a irin wannan lissafi. Ribar da na ambata ta noman rani da inji ita ce asararsa. Bakin kogin da shanunsa ke sha da rani yanzu albasa ce a shuke har gaɓa. Makiyayar da yake sauka bayan girbi, rabi kacalla ta cinye, rabi an yi mata shuka ta biyu. Burtali ya ƙuntata. A da manomi da makiyayi suna bin juna ne a kan fili ɗaya, kowa da watansa. Yanzu a wata ɗaya suke buƙatarsa. Duk mai neman tushen faɗan manoma da makiyaya a wannan yanki, kafin ya kai ga maganar ƙabila, ya fara duba abin da ya faru da lokutan ruwa.

A farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi abin da ya kamata a ce an yi tun kafin a aza harsashin Tiga. Suka auna darajar abin da fadamar Hadejia da Nguru ke bayarwa ta noma da su da itace, suka gwada da abin da shirin ban-ruwa na kogin Kano ke bayarwa, gwargwadon ruwan da kowanne ke sha. A kan kowace lita miliyan ɗaya, fadama na samar da aƙalla dala 32, shirin ban-ruwa kuma bai wuce santi 15 ba. Lissafin ya shahara, ana kawo shi a littattafan tattalin arzikin muhalli a ƙasashe da dama. Ya kamata a riƙe shi da hankali. Bai haɗa da ruwan shan Kano ba, wanda ba a iya yi masa farashi, an kuma yi shi a lokacin da shirin ban-ruwan ke tangal-tangal, farashin shinkafa da tumatir ma ya sauya ƙwarai tun daga lokacin. Amma ko an rage tazarar sau goma, tana nan da girmanta. Dalilin da ya sa ba a gan ta tun farko ba shi ne abin da ya fi damuna. Buhun alkamar Kadawa yana shiga rahoton gwamnati, ana iya kai minista ya gan shi. Kifin da uwa ta dafa wa 'ya'yanta a wani ƙauyen Bade, da nonon da saniya ta bayar don ta ci ɗanyar ciyawa a watan Maris, ba su shiga littafin kowa. Aka ɗauki ruwan da ke malala a fadama a matsayin ruwan da ke tafiya a banza.

Wannan kuskure ba namu kaɗai ba ne. Yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971 ta fitar da rahoto a 2018 cewa duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin ɗari na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya ninka na ɓacewar dazuzzuka sau uku. Tekun Aral a tsakiyar Asiya ya taɓa zama tafki na huɗu a girma a duniya. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunansa biyu don noman auduga, yau jiragen kamun kifi na kwance a kan yashi. A kogin Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, kacalla ta mamaye bakin kogin kamar yadda ta yi mana, har mutanen Senegal da Muritaniya suka koma gwada yin gawayi da kayan rufin ɗaki da ita. Tafkin Chadi da kogin Yobe ke zuba a ciki ya faɗo daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980. Fari ne babban dalili, kuma yawancin ruwan tafkin daga kogin Shari yake zuwa. Duk da haka kogin Yobe ke shiga ɓangarensa na arewa, inda mutanen Diffa da arewacin Borno suke su da kiwo.

Duniya ta san fadamun nan, amma ta hanyar tsuntsaye ta san su. Kowace shekara in sanyi ya kama Turai, agwagin ruwa da sauran tsuntsaye masu ƙaura na ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka nan su haɗu da kirinjijiya da zalɓe da belbela na gida. Wannan ya jawo shirin kare dausayin Hadejia da Nguru a 1987, ya kawo Yarima Philip na Ingila Dagona a 1989, ya sa aka shigar da wani sashen yankin cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. A 2000 tafkin Nguru da hanyar Marma, kimanin hekta 58,000, suka zama wuri na farko da Nijeriya ta yi wa rajista a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wannan kulawa ma tana da fa'idarta da illarta. Ba don ita ba, da ba a samu awon malala na shekara-shekara da binciken da muke kafa hujja da shi yau ba. Amma mutumin da aka hana su ko kiwo a tafkin da kakansa ya yi, don tsuntsun da ya zo daga Turai ya huta, alhali wani tsuntsun yana cinye masa gona ba mai biyansa, yana da haƙƙin ya tambaya wa ake karewa. Ni dai ban ga saɓani na asali tsakanin buƙatarsa da ta tsuntsun ba. Dukansu malala suke so a lokacinta, da bushewa a lokacinta. Kuskuren shi ne fara magana da shinge kafin a yi maganar ruwa.

Sauyin yanayi ya ƙara dagula lissafin. Damina ta farfaɗo idan aka kwatanta da shekarun 1980, sai dai tana zuwa da ƙarfi a ɗan lokaci. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Jigawa da ƙasar Bade. In irin wannan ruwa ya tarar da madatsa a cike, hanyoyin ƙasa kuma a toshe, gari zai nufa. Nan ma akwai fuska biyu: madatsar da aka bar wa gurbi kafin damina tana rage kaifin ambaliya, wadda aka yi sakaci da ita kuwa ta fi rashinta haɗari. Kanawa ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, ga kuma abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, saboda haka neman diyyar da aka amince da asusunta a taron Sharm el-Sheikh a 2022 haƙƙi ne. Amma ba zan yarda a ɓuya a bayan wannan ba. Ba hayaƙin Amurka ko China ne ya toshe Burum Gana ba.

In aka ɗora duka a ma'auni, hukuncina shi ne: madatsun sun yi amfani na gaske, ba kuma mai hankalin da zai ce a rushe su. Amma an biya wani kaso mai yawa na kuɗin wannan amfani daga aljihun mutanen da ba a shawarta ba, kuma mafi yawan illar ba daga bangon madatsa ta fito ba, daga yadda ake sarrafa shi ne. Wannan ne ke ba ni fata, domin abin da ya lalace ta hanyar sarrafawa ana iya gyara shi ta hanyar sarrafawa. Maƙwabtanmu sun gwada. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta hana fadamar Waza da Logone ruwa. A 1994 aka buɗe wata hanya da gangan aka sake malalar da wani sashe, kifi da ciyawa da garken shanu suka dawo.

Mu ma ba shawara muka rasa ba. Tun 1993, a wani taro a Kuru kusa da Jos, masana da jami'ai suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina don a kwaikwayi malala ta asali. Tangarɗa ɗaya ita ce ƙofofin Tiga ba a gina su don sakin ruwa mai yawa lokaci guda ba, sai an kashe kuɗi an gyara. A 2006, a Damaturu, jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da kogunan, wanda ya yi aikin yashe wasu hanyoyi. A 2014 shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo da gyaran madatsu da magudanan Kano da Hadejia, a ƙarshen 2021 kuma bankin ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa. An sayo injinan da ke tafiya a kan ruwa suna tumɓuke ciyawa. Mutanen ƙauyuka da kansu sun sha fita gayya da adda da lauje, cikin ruwa har ƙirji. Duk aiki ne mai kyau, amma muddin ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan wata goma sha biyu, kacallar da aka tumɓuke bana za ta dawo baɗi. Sai an rage asarar ruwa a magudanan ban-ruwa na sama ta yadda ba sai an saki fiye da buƙata ba, an bar rassan ƙasa su bushe na 'yan makonni a bazara, an kuma sanya jadawalin sakin ruwa a fili tun kafin damina. A teburin da ake tsara jadawalin kuwa ya kamata a ga sarakunan ruwa da ardo-ardo da wakilan manoman Nguru da Bade, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai sabon abu da ke tafe wanda ya kamata a sa wa ido. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, manoma na komawa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Alheri ne babba: ba hayaƙi, ba kuɗin mai. Amma tsadar mai ce a da take sa manomi ya kashe inji. Wanda ba ya biyan komai zai bar shi yana ja daga hantsi har la'asar, daga ruwan ƙarƙashin ƙasar da malala ce ke cika shi.

Sai batun Kafin Zaki. An fara gina madatsa a can a kan kogin Jama'are, aka dakatar a 1984, kuma tun daga nan ba a daina tayar da maganar ba, Bauchi na so, Yobe da Borno na ƙi. Manoman Bauchi suna da hujja: sun ga abin da Tiga ta yi wa Kura, su ma suna da matasa marasa aikin yi da rani. Amma tunda rassan Hadejia suka toshe, kusan duk ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Gashua na Jama'are ne, shi ne babban kogi ɗaya da ya rage a yankin yana cika da damina yana janyewa da rani yadda aka san shi. Shinkafar Bade da kifin Gogaram da ruwan Geidam da Diffa duk a kansa suke. In har za a sake ɗauko aikin, a fara nuna wa mutanen Gashua a rubuce ruwa nawa za a sakar musu a Agusta da Satumba, ta wace ƙofa zai fita, da kuma wanda za su kai ƙara gabansa a shekarar da ba a sake shi ba.